Wasiƙa daga Jamus: wane monofod zan aiko muku?

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da kai da abokan sana'arka kuka haɗu a kanta: wane monofod, wato sandar ɗora kyamara mai ƙafa ɗaya, ya kamata a saya, mai makullin murɗawa ko mai makullin dannawa? Na zaga shagunan kayan hoto na nan, na taɓa da hannuna, na kuma tambayi masu ɗaukar hoton wasanni da nake haɗuwa da su a bakin fili.

Ka san amfanin sandar dai. Ƙafa ɗaya ce, ba za ta tsayar da kyamara cik kamar mai ƙafa uku ba, amma tana ɗauke maka nauyi tana kuma kashe rawar hannu ta sama da ƙasa. Doguwar lens (gilashin gaban kyamara) ta milimita 400 irin ta masu ɗaukar hoton ƙwallo tana kai kilo 3, kuma babu hannun da zai riƙe ta minti 90 bai yi rawa ba.

Kayan da ke kan kanta a nan sun kasu gida biyu. Akwai na Turai, wato Manfrotto da Gitzo. Manfrotto ɗan Italiya ne, wani mai ɗaukar hoto Lino Manfrotto ya kafa shi a garin Bassano del Grappa. Gitzo kuwa a Faransa aka kafa shi a 1917, kuma shi ya fito da mai ƙafa uku na kabon faiba a 1994. Yau kamfani ɗaya ne ya mallaki su biyun, amma kowanne ya riƙe halinsa: an fi sanin Manfrotto da makullin dannawa, Gitzo da na murɗawa. Sai na Sin, irin su Benro da Sirui da Leofoto, waɗanda suka cika shaguna, kuma gaskiya aikinsu ba abin rainawa ba ne. Da can mutum kan je baje kolin Photokina a birnin Kolon na nan Jamus ya gwada duka a zaure guda, amma tun 2018 ba a sake yin sa ba, kuma na ji rashinsa ƙwarai a wannan neman.

Makullin dannawa ɗan harshe ne a jikin kowace gaɓa, ka ɗaga shi gaɓar ta zame, ka danne shi ta kama. Alherinsa a ido yake. Da ka kalla ka san ko a buɗe yake ko a rufe, kuma ƙarar da yake yi idan ya kama tana tabbatar maka ko da idonka na cikin kyamara. A lokacin sanyi, da safar hannu mai kauri, ya fi sauƙin sarrafawa. Matsalarsa ita ce ƙarfin kamunsa yana ga wani ɗan noti da ke kwancewa a hankali. Wata rana sai ka jingina ka ji sandar tana nutsewa a ƙarƙashinka, sai an ɗaure notin da alanki ko ɗan mabuɗin da ke zuwa cikin kwalin. Harshen kuma yana fitowa waje, yana kama igiyar jaka da bakin riga, kuma a kan masu araha roba ce zalla. Idan ya karye, wannan gaɓar ta tashi aiki har sai an samo irinsa daidai.

Na murɗawa zobe ne mai roba a jiki. Mai kyau ba ya buƙatar fiye da kwatan juyi. Wani ɗan jarida da ya daɗe a bakin fili ya nuna mini yadda suke yi: idan sandar na naɗe, zobban duk suna jere kusa da juna, sai ya kama su gaba ɗaya da tafin hannu, ya murɗa sau ɗaya, gaɓoɓin su sulale ƙasa da kansu, sannan ya bi su yana ɗaurewa. Babu ƙara, wanda ke da amfani a ɗakin taro ko wajen ɗaukar tsuntsaye. Aibinsa shi ne ido ba ya gane wanda aka manta ba a ɗaure ba. Ka kuma duba cewa gaɓoɓin ba sa juyawa tare da zoben, domin tsofaffin ƙira suna da wannan cutar, ka murɗa wannan wancan ya kwance.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne cikinsa. Idan ka ci gaba da kwance zoben har ya fita, gaɓar za ta zaro gaba ɗaya, ka ga 'yan faifan roba sirara da ke rungume da bututun. Ka ajiye su a jere yadda suka fito, ka wanke zaren, wato layukan da zoben ke murɗawa a kansu, da tsohon burushin haƙori, ka bari ya bushe, ka shafa giris kaɗan a kan zaren kawai, ka mayar. Da hannu ake yin duka, babu sukundireba babu alanki. Yashi da ƙura suna shiga na murɗawa, har ka ji yana ƙas-ƙas, amma suna fita kamar yadda suka shiga.

Dalilin da na nace a kan wannan shi ne hidimar da ke bayan kaya a nan. A ƙasashen Tarayyar Turai, abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba sai ka faɗi dalili ba, kuma doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin shekara 2 idan sabon kaya ya zo da lahani. Manyan kamfanonin suna sayar da kayan gyara ɗai-ɗai, har ɗan harshen makulli da robar gindi, ka nemo lambarsa a zane a aiko maka ta gidan waya. Mazaunin nan zai iya sayen kowane iri hankalinsa kwance. To amma wannan gatan ba ya shiga jaka ya biyo kayan zuwa wajenku. Wa zai mayar da sanda Turai saboda harshe ɗaya? Shi ya sa nake son abin da za ku iya gyarawa da kanku a daren da ya ba da matsala. Zan kuma haɗo da faifan roba na ajiya, ba su da nauyin komai.

Wanda aikinsa na cikin ɗaki ne, yana yawan sauya tsayi da gaggawa, ba zan hana shi na dannawa ba, muddin na ƙarfe ne kuma notinsa na ɗauruwa. Masu bidiyo su duba irin mai 'yan yatsu uku a gindi, yana sauƙaƙa juyawa, sai dai kada wani ya saki kyamara a kansa ya juya baya.

Kada lambar nauyin da aka rubuta a kwali ta ruɗe ku, kowane kamfani da yadda yake aunawa. Gwajin da nake yi a shago shi ne in miƙe sandar duka, in ɗaure, in danna ta da nauyin jikina in ga ko wata gaɓa za ta zame. Mai gaɓa 4 ya fi mini daidai, domin mai 6 yana shiga ƙaramar jaka amma gaɓarsa ta ƙasa siririya ce, makullan kuma sun yi yawa. Kabon faiba ya fi alminiyam rashin nauyi, alminiyam kuma ya fi araha, idan ya bugu lotsawa yake yi maimakon ya tsage. Notin saman yawanci mai baki biyu ne, kwatan inci na kyamara da inci 3/8 na kan da ake ƙarawa tsakanin sanda da kyamara, ana juya shi. Doguwar lens kuma a ƙafarta ake ɗaurawa, ba a gindin kyamara ba.

Na murɗawa zan saya maka. Ka auno mini daga ƙasa zuwa idonka kana tsaye da takalmi, ka faɗa mini lens mafi nauyi da kake ɗorawa, sauran ma su yi haka kafin in koma shagon. Ka gaida mutanen gida duka.