Hattara da dillalan gonakin "layin dogo" a ƙasar Daura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta ta, domin tana gaban alƙali, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne, ranar Lahadin da ta wuce na hangi mutumin da ya cuce mu a kasuwar Mai'aduwa. Yana zaune cikin mota da wasu bayin Allah biyu, kana ganinsu ka ga baƙi daga birni, yana nuna musu wani abu a waya. Na san abin da yake nuna musu, domin mu ma shi aka nuna mana.

Ni ma'aikaci ne a Katsina. Ni da yayana muka haɗa kuɗi, shi giratutinsa na ritaya, ni adashin shekara biyu. Burinmu mu samu inda za mu riƙa noma gero da wake da gyaɗa, ko mu rage awo. Wani ya haɗa mu da dillali, mutum mai fara'a, carbi ba ya barin hannunsa, ba ya kai ƙarshen zance bai rantse ba. Cikin watan Maris ya ɗauke mu zuwa wani ƙauye tsakanin Daura da Mashi. Tun a mota ya fara: ai layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta nan kusa ya bi, ga Jami'ar Sufuri a Daura, nan da shekara biyu gonar nan fulotai za a yanka. In ma gwamnati ta karɓa, in ji shi, diyyar sai ta ninka kuɗinku.

Layin dogon gaskiya ne, jami'ar ma gaskiya ce. A nan dabararsu take, su ɗauki abin da kowa ya sani su jingina ƙaryarsu a jikinsa.

Duk wanda ya san gonakin ƙasarmu da rani ya san babu abin da ke bambanta wannan da waccan. An kwashe kara, dabbobi sun tattake iyaka, sai rairayi da gawo mai ganye nan da can. Ya tsaya ya miƙa hannu ya ce, "Alhaji, daga gawon can har kukar can, hekta huɗu ce cif." Ba mu taka ba, ba mu auna ba. Ya kira wani matashi ya ce shi ne mai gona, rabonsa ne na gadon mahaifinsa, mahaifiyarsa na kwance asibiti shi ya sa zai sayar da araha. Yaron bai yarda mun haɗa ido ba, muka ɗauka kunya ce. Sai dillalin ya ja yayana gefe ya ce wani Alhaji daga Kano zai zo gobe da kuɗinsa a hannu, in muna so mu ba da kafin alƙalami yau. Muka bayar. Bayan kwana uku muka cika, kuma cikin asusun dillalin muka tura, wai yaron ba shi da asusun banki. Aka ba mu takarda bugun kwamfuta, da hatimi, da sa hannun shaidu biyu waɗanda shi ya zo da su. La'adarsa ma sai da ya karɓa daban.

Da ruwa ya sauka muka tura taki da shanun huɗa. Ina tsaye a bakin gonar sai ga wata tsohuwa da fartanya a kafaɗa, wata yarinya na biye da ita da ƙwaryar iri.

Na ce, "Sannu Inna, ina kwana?"

Ta ce, "Lafiya lau ɗana. Wa ya sa ku huɗa a nan?"

Na ce, "Inna, ai mun saya." Na ciro takardar daga aljihu na nuna mata.

Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, ni ban san boko ba. Amma gonar nan ta mai gidana ce, Allah ya jiƙansa, kuma ba a raba ba. Wannan yarinya da ka gani marainiya ce, tana da haƙƙi a ciki. Da me zan ciyar da ita?"

Har yau in na tuna muryarta sai jikina ya yi sanyi. Ita ce mahaifiyar da aka ce mana tana kwance asibiti.

A gaban mai unguwa komai ya fito fili. Magada tara ne, maza da mata, ba wanda aka shawarta. Rabin gonar ta yamma tana jingina a hannun wani maƙwabci tun marigayin na da rai, kuma ba a fanshe ta ba. Gefen arewa da aka haɗa mana a lissafi burtali ne, hanyar shanun Fulani zuwa mashaya. Mai unguwa ya duba hatimin da ke takardarmu ya ce, "Malam, wannan ba nawa ba ne, ba na dagaci ba ne, ban taɓa ganinsa ba." Da muka kawo safiyo daga baya, duka-duka wurin bai kai hekta biyu da rabi ba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. Dillalai na amfani da wannan ruɗani, su ce hekta alhali eka suke nufi, mai saye kuma ya ji kunyar tambaya.

Maganar gado ita ta fi kama mutane, don haka bari in tsaya a kanta. Gonar da ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a kowane taku nata. Babban ɗa ba shi da ikon ya nuna wani ɓangare ya ce nasa ne, balle ya sayar da duka. Ko da kasonsa kaɗai ya sayar maka, a mazhabarmu ta Malikiyya sauran abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, su mayar maka da kuɗinka su karɓe. Kuma waɗanda aka fi tsallakewa su ne mata da marayu: 'yar da ke aure a Zango ko Baure ko ƙetaren iyaka a Nijar, ba wanda ya gaya mata, sai bayan shekaru ta zo da mijinta kotu. Kuma gaskiyarta ce. In an ce maka an raba, ka ce a nuna maka takardar rabon gado ta kotu, ko a kai ka wurin malamin da ya raba da waɗanda suka halarta.

Jingina kuwa sau da yawa ba ta da takarda, a bakin dattawa take. Shi ya sa tambaya ɗaya ta fi tarin takardu amfani: wa ya noma gonar nan bara? In ba mai sayarwar ba ne, to aro ne, haya ce, ko jingina? Da mun yi wa ko da yaro mai kiwo wannan tambaya, da ba mu kai ga haka ba.

Batun diyya shi ne ƙaryar da ta fi ba ni haushi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, kuma sayar da irin wannan fili na buƙatar amincewarta. In gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, abin da doka ta tanadi a biya shi ne abin da ke kan ƙasar: gini, rijiya, amfanin gona, itatuwa masu amfani. Ba kuɗin da ka ba dillali za a lissafa maka ba. Wani wurin ma an riga an ƙidaya an biya masu shi tun tuni, sannan a zo a sayar maka. Ma'aikatar filaye ta jiha da sashen filaye na ƙaramar hukuma su ne za su gaya maka ko wuri na cikin aikin gwamnati, ko gandun daji, ko makiyaya. Takardar dagaci da ta hakimi suna da muhimmanci ƙwarai wajen shaida, amma ka je da ƙafarka ka gaishe su ka ji daga bakinsu, kada ka bari dillali ya kawo maka ita a aljihu.

Yanzu in ɗan'uwana ya ce zai sayi gona, abin da nake gaya masa shi ne ya koma ƙauyen shi kaɗai ba tare da dillali ba, ya yi sallar la'asar a masallacinsu, ya zauna ya gaisa da mutane. Ya nemi masu gonakin gabas da yamma da kudu da arewa, su taka iyakar tare da shi, a kafa alama a gabansu. In da hali ya jira damina ya ga inda ruwa ke kwanciya da inda zaizaya ke ci, domin fako da jigawa duk kamarsu ɗaya a watan Maris. Kuɗi kuma ya shiga asusun mai gona da sunansa, a gaban magada da shaidun da shi ma ya zo da nasa. Duk wanda ya ce maka yau ko gobe wani zai ɗauke, ƙyale wanin ya ɗauka. Ba a cinikin biri a sama.

Mu dai mun bar wa Inna gonarta, takin da muka zuba ma mun yafe mata. Yaron ya amsa a gaban alƙali cewa ɗan abin da aka ba shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba. Dillalin ya zo zama ɗaya, tun daga nan sai aike da uzuri. Yayana kuwa, wanda ya yi shekara 35 yana aiki kafin ya ga wannan kuɗi, hawan jininsa ya tashi, yanzu ko zancen ba ya so a yi a gabansa.

In akwai wanda ya san baƙin nan biyu da na gani a Mai'aduwa, ko wani nasa da aka kai kallon gona tsakanin Daura da Mashi ana yi masa zancen tashar jirgi da diyya, don Allah ya kira shi yau ya ce ya dakata da tura kuɗi.