Hutun golf daga Kano: Uyo, Masar, Maroko ko Dubai, ina ya kamata mutum ya kai kuɗinsa?

Duk shekara da sanyi ya fara shigowa sai maganar inda za a je hutun golf ta taso a kulob ɗinmu na golf, wannan ya ce shi bana sai Dubai, wancan ya ce ai Maroko ta fi sauƙi, wani ya ce me zai kai mutum waje ga Uyo nan a gida. Toh tunda 'yan uwa suna ta tambaya bari in tara abin da na sani wuri ɗaya ga duk mai son ya haɗa hutu da buga ƙwallon lambu a irin manyan filayen nan da ake gasa a kansu.

Kafin maganar ƙasa, Alhaji, fara duba hannunka. Mu nan arewa ƙasarmu tauri gare ta musamman da rani, kana buga ƙwallo ta sauka ta yi ta gangarawa ta ƙara maka tafiya kyauta, da yawanmu kuma a kan birawun muka koyi saka ƙwallo a rami, yashin nan da ake lailayewa kafin ka buga. Filin gasa ba haka yake ba ko kaɗan. Ciyawa ce mai laushi da ake ba ruwa kullum, inda ƙwallo ta faɗi kusan nan take tsayawa, sai ka ga sandar da ka saba isa wuri da ita yanzu ta gaza. Girin ɗin kuma, wato ciyawar da aka aske ƙasa-ƙasa a kewayen rami, santsi ne da gangara, ɗan taɓawar da a Kano ko rabin hanya ba za ta kai ba a can sai ta wuce ramin ta bar shi a baya. Ga ramukan yashi masu zurfi, ga ruwa a gaba da gefe. Daga inda ƙwararru suke farawa tsawon fili yakan haura yadi 7,000, kai ba dole ne ka fara daga can ba, akwai wuraren farawa na gaba kuma wallahi babu abin kunya a ciki, nan ne za ka ji daɗin wasan. Shi ya sa ni ma'aunina ɗaya ne, wurin da kuɗinka zai ba ka damar zagaye uku ko huɗu, wato ka buga duk ramukan filin sau uku ko huɗu, ya fi wurin da za ka buga sau ɗaya ka ɗauki hoto ka dawo, domin zagayen farko duk a koyon girin yake ƙarewa, sai na biyu da na uku kake fara wasa na gaske.

Da wannan ma'aunin nake cewa wanda bai taɓa fita ba ya fara da Uyo. Otal ɗin Ibom da filinsa mai rami 18 a jihar Akwa Ibom suna wuri ɗaya, ka fito daga ɗaki ka karya ka gangara fili, ba biza ba canjin dala, da naira za ka biya komai, kuma jirgin Ibom Air yana zuwa daga Abuja da Legas, kenan daga Kano sai ka bi ta ɗaya daga cikinsu. Filin yana cikin dajin kwakwar manja, hawa da sauka ne da kwaruruka, idan ƙwallo ta kauce ta shiga duhuwar nan ka manta da ita kawai ka ciro wata. Abin da zai ba Bakano wahala shi ne laima, ba zafi irin namu ba ne mai bushewa, gumi ne da ba ya tsayawa, kafin rami na shida safar hannunka ta jiƙe sanda ta fara zamewa, don haka ka tafi da safa biyu ko uku kana ratayawa a jikin jaka suna shan iska. Kada ka je tsakiyar damina, ruwan can ba irin na nan ba ne, tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi. Maganar nama kuma ka tambaya a kicin kai tsaye, in zuciyarka ba ta kwanta ba kifi yana nan da yawa.

Lakowe Lakes a Ibeju-Lekki ta Legas shi ma rami 18 ne mai tafkuna da yawa kuma akwai masauki, sai dai ka saka cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe a lissafi. Filin IBB na Abuja kuwa kulob ne, ba wurin hutu mai otal a ciki ba, amma in kana so ka gwada hannunka a kan ciyawa kafin ka kashe kuɗin waje, je ka yi asabar da lahadi a can.

In kuma waje ne ranka yake so, ni Masar nake fara ambata saboda dalili ɗaya mai ƙarfi, EgyptAir yana tashi daga nan filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Alkahira, ba sai ka ja jakar sanduna zuwa Legas ba. Daga Alkahira ka hau na cikin gida zuwa Hurghada a bakin Bahar Maliya, a kudu da garin akwai Soma Bay inda filin Cascades yake, Gary Player na Afirka ta Kudu ne ya tsara shi, hamada a gefe teku a gefe. Iska ce matsalarsa, tana tasowa daga teku tana ɗauke ƙwallon da ta yi sama da yawa, wanda ya iya buga ta ƙasa-ƙasa irin yadda muke yi lokacin hunturu zai ci riba. Abinci ba ka da fargaba, masallaci ba wuya, iyali kuma suna da bakin ruwa su ma ba za su zauna a ɗaki suna jiranka ba.

Maroko ta fi Masar yawan zaɓi gaskiya. Royal Golf Dar Es Salam a Rabat yana da rami 45 gaba ɗaya, kuma Jan Fili a cikinsu wanda Robert Trent Jones ya tsara aka buɗe a 1971 shi ne gidan gasar kofin Sarki Hassan na biyu, yana cikin daji bishiyoyi sun rufe hagu da dama, fili ne mai tsawo da ba ya yafe wa mai karkatar da ƙwallo. Ni ina ganin mai handikaf sama da 20 (handikaf lamba ce da ke nuna matakin wasanka, ƙwararru ne masu ƙarama) zai fi jin daɗi in ya yi yawancin wasansa a Shuɗin Fili ya bar Jan na rana ɗaya. Mazagan kusa da El Jadida kuma otal ne da fili a haɗe a bakin tekun Atlantika, shi ma aikin Gary Player ne, an buɗe a 2009, sai dai ka sani akwai babban gidan caca a cikin otal ɗin, wanda zai tafi da iyali ya yi wannan tunanin tun daga gida. Haka ma Sun City ta Afirka ta Kudu inda ake gasar Nedbank tun 1981, filin ya haɗu amma wurin an gina shi ne a kan caca da shagali, ga wahalar biza, ni ba na saka shi a gaba ga mutanenmu. Wani abin da nake so da Maroko shi ne akwai kadi, mai ɗaukar maka jaka yana ba ka shawara, kamar yadda muka saba, mutum ya tsuguna bayan ƙwallonka ya nuna maka da yatsa inda za ka nufa, wani lokaci taku guda gefen ramin, ka ga kamar ba daidai ba ka bi maganarsa ƙwallo ta lanƙwaso ta faɗa. Ka ba shi haƙƙinsa da kyau, ya cancanta.

Belek ta Turkiyya kusa da Antalya ita ce ta masu son biya sau ɗaya a gama, ɗaki da ci da sha duk a ciki, filaye jere da juna irin su Montgomerie Maxx Royal da Carya da suka karɓi gasar Turkish Airlines Open. Amma suna tsaurara maganar takardar handikaf, yawanci kada ya wuce 28 ga maza 36 ga mata.

Sai Dubai, wadda kowa yake mafarki. Filin Majlis na Emirates Golf Club tun 1988 yake, shi ne filin ciyawa na farko mai rami 18 a Gabas ta Tsakiya, a nan aka fara Dubai Desert Classic a 1989, sai kuma filin Earth na Jumeirah Golf Estates da Greg Norman ya tsara inda ake rufe kakar gasar Turai tun 2009. Kyau kam ba a magana, kuma akwai filin Faldo da ake bugawa da dare a ƙarƙashin fitilu. Amma lokacin da yanayi yake da daɗi, Nuwamba zuwa Maris, shi ne lokacin da kuɗin ya fi tsada nesa ba kusa ba, lokacin araha kuma zafi ya haura digiri 40. Filayen nan kulob ne daban otal daban, za ka biya mota kullum. An dawo da ba 'yan Najeriya biza a 2024 amma da sharuɗɗa, kada ka biya kuɗin fili sai biza ta fito. Shawarata in dama kasuwanci zai kai ka, ware rana ɗaya ka buga Majlis ka cika burinka, amma a ce hutun golf na mako guda kacokan a can, kuɗin zai yi maka tafiya biyu a wani wurin.

Wasu suna tambaya a kan Royal Greens na birnin Sarki Abdullah a arewa da Jidda, inda aka fara gasar Saudi International a 2019, tunda jirgin ƙasan Haramaini yana tsayawa a birnin. Fili ne mai kyau a bakin teku, in ka kammala Umararka kana da sauran kwanaki ba laifi, sai dai ka tabbatar da abin da bizarka ta ba ka dama kafin ka tsara.

Ko ina ka zaɓa, kada ka tura kuɗi sai an rubuto maka abubuwan nan a rubuce, ba a baki ba. Zagaye nawa ne a cikin fakej ɗin kuma a wane fili takamaimai, don wasu wuraren filaye biyu ne da su, a nuna maka hoton babban a kai ka ƙaramin. Ƙarfe nawa za ka fara, domin rami 18 yana cin awa huɗu zuwa biyar, in ka fara ƙarfe bakwai ka gama kafin Azahar, in aka tura ka sha biyun rana ka sha zafi kuma La'asar ta same ka a tsakiyar fili. Kuɗin bagi, 'yar motar zagaya fili, da kadi suna ciki ko daban. Sannan wanda mutane suka fi mantawa, ka tambaya ko za a yi gyaran girin a makon da za ka je, akwai lokacin da suke huda ciyawar su zuba yashi don ta sha iska, wani abokinmu haka wani ejan ya sayar masa da mako guda da rangwame mai daɗi, ya isa ya tarar girin duk ƙananan huji ne ƙwallo tana tsalle kamar a kan tsakuwa, ashe dalilin arahar kenan kuma ba wanda ya faɗa masa.

Takardar handikaf ka karɓa daga sakataren kulob tun da wuri. Riga mai kwala da takalmin golf mara ƙusar ƙarfe, ban da jins. Jakar sanduna kuma ka kira kamfanin jirgin ka ji ko tana cikin kilon da aka ba ka ko biya za ka yi daban, kowane kamfani da tsarinsa, ka naɗe kan direba, doguwar sandar bugun farko, da tawul ka cika gefen jakar da kaya masu laushi. In tafiyar ta canjin jirgi biyu ce kuma wasan bai wuce zagaye biyu ba, haya a can ta fi kwanciyar hankali, ka tafi da takalminka da safarka kawai. Ƙwallaye dai ka saya tun daga gida dozin biyu aƙalla, a shagon cikin fili tsada gare su kuma ruwan filayen nan yana cin su da yawa a kwanakin farko.