Meshtastic, tura saƙo ba sim ba data: abin da na gani

Masu tambayata a kan 'yar na'urar nan ta Meshtastic, to ga bayani. Manhajar kyauta ce, abin da za ka saya kawai wata 'yar na'ura ce mai eriya da ba ta fi akwatin ashana ba sosai, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth ka rubuta saƙo ya fita ta rediyon da ake kira LoRa, ba sim ba kati ba data. Kuma duk na'urar da ta ji saƙon sai ta miƙa shi gaba, sau 3 a yadda take zuwa, kana iya ɗagawa har 7.

Ni saboda 'yan uwanmu 'yan gudun hijira na nemo ta. Duk wanda ke da dangi a Zamfara ya san abin da aka sha a Satumban 2021 da aka katse sabis, har wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, waɗanda suka gudo Kano suna zaune ba su san wa ya rayu wa ya mutu ba. Amma kar a ruɗe ku, wannan ba za ta kai saƙo daga Kano zuwa Gusau ba, aikinta cikin sansani ne ko unguwa ko ƙauyuka na kusa.

A cikin gari gine-gine na cinye ta sosai, cikin lungu da ƙyar take wuce 'yan layuka, amma da muka hau Dutsen Dala da guda ɗaya wallahi nisan da ta kai ya ba ni mamaki. Tsayi take so, a ɗaure ta kan tankin ruwa da ƙaramar sola shi kenan.

Inda ta gaza kuma ya dame ni gaskiya: rubutu kaɗai take ɗauka, gajere, ba murya ba hoto. Iyayenmu mata da yawa da suka baro ƙauye saƙon murya suka iya, boko bai wadace su ba, kenan dole sai an samu yaro mai karatu ya riƙe musu. Sannan tashar saƙonni da take zuwa da ita duk mai irin na'urar na iya karantawa, ku buɗe taku mai mabuɗin sirri, maganar mutanen da suka gudo wa 'yan bindiga ba ta wasa ba ce.

Shawarata, ƙungiyar da ke aiki da sansani ta saya da yawa lokaci guda, guda ɗaya ba ta da amfani. Kuma ku tabbatar duk mitar rediyo ɗaya suke kai kafin ku biya, wadda ke kan mita 868 ba ta jin wadda ke kan 915.