Nakiyar ƙarƙashin ƙasa ko rufaffiyar hanya: darasin Chittor

Da Sarki Akbar na daular Mugal ya yi wa ganuwar Chittor da ke Indiya ƙawanya a 1567, dabaru biyu ya gwada.

Ta farko nakiya. A haƙa rami har gindin katanga, a cika da albarushi, a toshe bakinsa, a kunna lagwani. Tana da sauri, amma matsalarta daidaita lokacin fashewa. A watan Disamba aka kunna wa ramuka biyu wuta. Ɗaya ya tashi, sojojin Akbar suka ruga cikin giɓin da ya yi a katanga, sai na biyu ya fashe ƙarƙashinsu, ya kashe kusan 200.  'Yan Rajput masu tsaron garin kuwa suka sake gina wurin.

Ta biyu ita ce sabat, hanya mai katangar laka hagu da dama, da rufin katako da fatu, faɗinta ya ɗauki mahaya goma a jere. Tana cin watanni da rayukan leburori, amma tana kai masu bindiga dab da ganuwa. Daga nan aka harbe Jaimal, jagoran masu tsaro, a Fabrairun 1568, garin ya faɗi.