Na gwada gilashin VR a Birnin Kebbi: inda ya yi rana da inda bai yi ba

Gilashin ba nawa ba ne, na ƙanena ne da ke kasuwancin waya a Kano, ya bar min shi aro. Gilashin VR na'ura ce da ke rufe ido ta nuna maka hoto kamar kana cikin wurin. Wannan irin wanda ba ya buƙatar kwamfuta ne: ka ɗaura a fuska, ka riƙe madannai biyu a hannu, duk inda ka juya kai hoton ya bi ka. Tun 2021 da kamfanin Facebook ya koma Meta ake ta kururuta cewa nan gaba a irin wannan duniyar ta cikin gilashi za a riƙa ciniki da karatu da zumunci. Ni dai abu guda na ga ya ci kuɗinsa, wato nuna wa mutum wurin da zai je tun bai je ba.

Inna ta biya kujerar Hajji, kuma abin da ya fi damunta shi ne ɓata a cikin Harami. A wajen bita akan kafa katako a lulluɓe da baƙin ƙyalle, maniyyata su zagaya. Hakan na koyar da ƙirgen zagaye bakwai, amma ba ya nuna girman wurin ko yawan jama'a. Sai na nemo bidiyoyin Harami masu kewaye ta kowane ɓangare, na zaunar da ita kan tabarma, na gyara ɗankwalinta don madaurin ya zauna. Da farko ta riƙe min hannu gam. Can ta ɗaga kai sama tana kallon hasumiyar agogo, ta juyo, ta ce, "Ɗan nan, wanga abu ai ikon Allah na. To ina Safa take?" Muka bi a hankali: ga kusurwar Hajarul Aswad inda ake fara ɗawafi, ga Maƙamu Ibrahim, ga korayen fitilun da maza ke sassarfa a tsakaninsu wajen sa'ayi. Da ta ga tsawon hanyar Safa da Marwa, wajen mita 450 kowane zuwa, ita da kanta ta fara tattaki da yamma don ƙafa ta saba. Ba wani malamin bita da ya iya sa ta yin hakan da baki.

Wata maƙwabciya ta tambaya ko akwai lada. A ƙarshen 2021 hukumomin Saudiyya sun ƙaddamar da shirin kallon Hajarul Aswad ta wannan fasahar, sai hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ta fito a 2022 ta ce ziyara ta gilashi ba ta zama aikin Hajji. Haka na faɗa mata, kuma ko malaman unguwarmu ba wanda ya ce saɓanin haka.

Wahalarsa kuwa tana da yawa, kuma rabinta daga yanayinmu take. A zafin Afrilu, lokacin da Kebbi ke haura digiri 40, soson da ke manne da fuska yakan jiƙe sharkaf, gumi ya dusashe madubin. Batiri ba ya wuce awa biyu da ɗan wani abu, ga wuta sai ta ga dama. Data kuma sha yake kamar rairayi ya samu ruwa. Dalili shi ne hoton a shimfiɗe yake ya kewaye ka gaba ɗaya, ɗan yanki kawai idonka ke gani a lokaci guda, don haka bidiyon da zai fito tangaran a waya a nan dishi-dishi yake, sai ka ɗauko mafi nauyi. Gara ka sauke su da dare ka ajiye.

Akwai kuma jiri. Ido na gaya wa ƙwaƙwalwa kana tafiya, kunnen ciki mai kula da daidaito na cewa a zaune kake, sai zuciya ta fara tashi. Bidiyon da kyamara ke tsaye wuri guda bai dami Inna ba. Wanda mai ɗauka ke tafiya da ita kuwa, nan take ta ce a cire.

Dandalin hira, inda kowa ke yawo da surar zane, bai burge ni ba ko kaɗan. Turanci ne zalla, yara na ihu, wasu na zagi, wani ya matso har fuskarka ba sallama. Ba zan bar ɗana ya shiga shi kaɗai ba, musamman da yake babba ba ya ganin abin da yaron ke gani in ba a haɗa da waya ba. Wuraren yawon buɗe ido ma yawanci na Turai da Amurka ne. Na so a ce wani matashinmu ya ɗauki ranar su a Matan Fada ta Argungu ko gidan tarihin Kanta a irin wannan tsarin.

Ba zan ba mutum guda shawarar ya saya don kansa ba, gilashin zai ƙare a cikin kwali. Amma masu shirya bitar maniyyata, ko makarantar da ke da sola, guda biyu ko uku sun ishe su: a sauke bidiyo tun kafin ranar, a samu fanka da tsumma mai tsabta na goge soso, kowa ya yi minti goma a zaune ya ba na baya.