Sharhi a kan tiyatar kogunan hanci a wani asibiti mai zaman kansa a Kano

Sashen kunne da hanci da maƙogwaro na wannan asibiti yana cikin wuraren da ake yi wa masu daɗaɗɗen ciwon kogunan hanci tiyata, wato kumburin ramukan da ke cikin ƙasusuwan kumatu da goshi da tsakanin idanu, wanda ya haura mako 12 bai warke ba. A can aka yi mini aiki, bayan na daɗe ina fama da toshewar hanci da majina mai kauri da nauyin fuska, har ta kai na daina jin ƙanshin abinci.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne likitan bai yi gaggawar kai ni ɗakin tiyata ba. Sai da ya ɗora ni a kan wanke hanci da ruwan gishiri da maganin fesawa na tsawon watanni, da ya ga babu sauƙi sannan ya leƙa cikin hancin da siririyar kyamara, ya kuma tura ni hoton CT, wato hoton na'ura da ke nuna cikin ƙasusuwan fuska dalla-dalla. Hoton ya nuna tsiron nama a ɓangarorin hancin biyu, kuma a kansa ya zaunar da ni ya yi mini bayanin hanyoyi uku da dalilin da ya sa ɗaya ce kawai ta dace da ni.

Tsohuwar hanya ita ce wadda ke ɗauke da sunan George Caldwell na Amurka da Henri Luc na Faransa, waɗanda suka bayyana ta a 1893 da 1897. Ana tsaga dasashi ta ƙarƙashin leɓen sama, a huda ƙashi, a shiga kogon kumatu. Tana barin kumburin fuska, wani lokaci leɓe da haƙoran sama su daina jin taɓi na tsawon lokaci saboda an taɓa jijiya, ga shi kuma kogon kumatu ne kawai take kaiwa gare shi sosai. Likitan ya ce yanzu yakan ajiye ta ne don wasu lokuta na musamman, kamar ƙari ko tsiron da ba a iya cim masa ta cikin hanci.

Hanyar balan-balan, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2005, ita ce na je da kwaɗayinta, domin na ji ana yabon sauƙinta. Ana zura siririyar waya a ƙofar kogon, a hura ɗan balan-balan ya faɗaɗa ta, a zare shi ba tare da an yanke nama ba, jinin kaɗan ne, mutum kuma ya koma harkokinsa da wuri. Amma faɗaɗa ƙofa kawai take yi, ba ta cire tsiro, ba ta kuma magance ƙananan ramukan da ke tsakanin idanu, inda ciwon ya fi yawan samun gindin zama. Likitan ya faɗa mini ƙarara cewa a irin matsalata asarar kuɗi ce, kuma ina ganin duk wanda aka yi wa tallarta kafin a duba hotonsa ya kamata ya yi hattara.

Wadda aka yi mini ita ce tiyata da kyamara ta cikin hanci, wadda ta samo tushe daga binciken Walter Messerklinger a birnin Graz na Ostiriya, kuma David Kennedy ya yaɗa ta a Amurka daga 1985. Hikimarta ita ce ƙananan gasusuwan da ke jikin kogon suna tura majina ne zuwa ƙofarsa ta asali, ko da an huda wata a wani wuri, saboda haka gyaran shi ne a buɗe wannan ƙofar, a cire tsiron da ya toshe ta, a bar sauran fatar lafiya lau. Babu yanka a fuska. Haɗarinta kuwa ba na wasa ba ne, tun da ƙashi ne siriri ya raba wurin aikin da ido da kuma ƙwaƙwalwa, kuma na yaba da yadda aka faɗa mini haka dalla-dalla da Hausa kafin in sa hannu a takarda.

Aikin ya tafi lafiya, ma'aikatan jinya sun kula da ni, ɗakin kuma da tsabta. Inda suka gaza shi ne bayan sallama. Rabin nasarar wannan tiyata yana cikin komawa a share busasshen jini da ɓawo don kada ƙofar ta sake mannewa, amma ranar asibitin cunkoso ne, mutum sai ya wuni a layi, kuma kuɗin waɗannan ziyarori ba ya cikin lissafin da aka ba ni tun farko. Ba a kuma ba ni umarni a rubuce ba. Da na tambaya ne aka gaya mini kada in fyace da ƙarfi a makonnin farko, in sassauta shaƙa ruwa wajen alwala, in kuma tafasa ruwan wankin hanci ya huce kafin in zuba masa gishiri. Waɗannan ba abubuwan da za a bari sai majinyaci ya tambaya ba ne.

Yanzu ina numfashi ta hanci, jin ƙanshi ya dawo mini gwargwado, ko da yake ƙurar hunturu tana tayar da ciwon idan na yi sakaci da wanki. An kuma gargaɗe ni cewa tsiron yana iya dawowa, musamman ga masu asma, don haka maganin fesawa zai ci gaba. Zan tura ɗan'uwana wannan asibiti ba tare da shakka ba, amma zan ce masa ya nemi a rubuta masa kuɗin dukan ziyarorin bayan aiki da jadawalinsu kafin ya biya na tiyatar.