Tiraka ko sandar sitiyari da makunnin ɓoye: wanne za ka fara saya?

Ɗan'uwanmu na Aboabo, unguwa a Kumasi ta ƙasar Ghana, ya yi tambaya: ya sayi Hyundai Elantra ƙirar 2016 wadda aka shigo da ita daga Amurka, da rana zai riƙa aikin Bolt da ita, wato tasin da ake kira ta manhajar waya, da dare kuma za ta kwana a bakin titi don gidansu ba wurin ajiye mota. Kuɗin hannunsa abu ɗaya zai ɗauka. Ya sa tiraka ne, wato na'urar da ke nuna inda mota take, ko ya sayi sandar kulle sitiyari ya haɗa da makunnin ɓoye mai hana inji tashi?

Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka, ya tsare. Abubuwan nan biyu ba aikinsu ɗaya ba, don ɓarawon da kowanne yake tarewa daban ne. Akwai mai zuwa ga mota tana tsaye babu kowa a ciki. Akwai kuma mai zuwa gare ka kai kanka, inji na aiki, makulli na jiki. Motarka za ta iya gamuwa da duka biyun, shi ya sa amsar take da ɗan tsawo.

Mu fara da na dare, domin a nan irin motarka take da rauni na musamman. Da yawa daga cikin Hyundai da Kia da aka ƙera wa kasuwar Amurka tsakanin 2011 da 2021, masu makullin murɗawa, ba su zo da na'urar nan da ke hana inji tashi in ba ta ji makullinta na asali ba. Wanda ya fasa gilashi ya ɓalle murfin da ke ƙarƙashin sitiyari zai iya tayar da su cikin ɗan lokaci. Abin ya yi ƙamari a can har kamfanonin suka fitar da gyaran manhaja a 2023, suka kuma raba sandunan sitiyari kyauta ta hannun 'yan sanda. Kanada ta wajabta wannan na'ura tun 2007, don haka wadda ta fito daga can ba ta cika shiga wannan lissafi ba. Ka kai ta wurin mai gyaran wayar mota a Suame Magazine, matattarar makanikai ta Kumasi, ya duba maka ko taka tana da ita.

Ga wannan ɓarawo, sanda da makunni su ne magani. Sanda aikinta a gan ta. Mai zagaya unguwa ƙarfe biyun dare yana leƙa motoci, idan ya hango ƙarfe ja a gicciye kan sitiyari, yawanci gaba yake yi. Ba wai ba ta ciruwa ba ce: mai zarto yakan yanke da'irar sitiyarin ya zare ta, amma wannan yana buƙatar lokaci da ƙara, kuma a zango ba a rasa mai fitowa alwala ko mai shayin da bai tashi ba. Makunnin ɓoye shi kuma aikinsa kada a gan shi. Ana datse wayar famfon mai ko ta sitata a saka ɗan maɓalli inda kai kaɗai ka sani. Ko da an kwafi makullinka a wurin wankin mota ko a gareji, kuma wannan tsohuwar dabara ce da har yanzu take ci, motar za ta yi ta tari ba ta tashi ba. Ba su cin data, ba ruwansu da ƙarfin sabis, sau ɗaya za ka biya. Sharaɗi ɗaya: kada a sa maɓallin a ƙarƙashin sitiyari ko gefen kujerar direba, nan hannun ɓarawo yake fara lalube. Kuma kada yaran shago biyar su tsaya suna kallo lokacin da ake sakawa.

Tiraka a wannan dare ba ta hana komai. Abin da za ta yi shi ne ta turo maka saƙo cewa an kunna mota ko ta fita daga iyakar da ka shata mata. Idan barci ya yi nauyi ko waya ta mutu, kafin asuba motar ta wuce Offinso ta kama hanyar Techiman.

To amma juyo ga rana, ko in ce ga ƙarfe goman dare, ka ɗauki fasinja a Tech Junction ya ce a kai shi wani lungu bayan Ejisu, kuna isa wasu biyu su fito daga duhu. Sandar tana kwance a but. Makunnin ka riga ka kunna shi da hannunka. Babu ɗayansu da zai yi maka rana. Haka nan wanda ake tarewa a ƙofar gida yana jiran a buɗe get, da mai sayar da mota da aka ce masa bari a ɗan gwada ta a dawo. A duk waɗannan, abin da ya rage shi ne sanin inda motar ta nufa, kuma tiraka ce kaɗai take da wannan. Tana ɗaukar wuri daga tauraron ɗan'adam, ta aiko ta layin waya, MTN ko Telecel ko AT. Mai kyau tana da ɗan batirinta, tana sanar da kai idan an cire na mota, kuma za ka iya yanke mai daga wayarka. Nagari ba sa yankewa sai gudu ya ragu, don kada a kashe bayin Allah a kan titi.

Rauninta ma ba kaɗan ba ne. Ƙwararrun ɓarayi suna da na'urar toshe sigina. Wasu kuma sukan ajiye motar a wani wuri su ja da baya su ga ko za a biyo ta, ko su kwance dashbod su nemo ta, tunda masu sakawa da yawa wuri ɗaya suke maƙala ta. Abin da ya fi kashe tiraka kuwa sakacin mai ita ne: layin ya ƙare ba a sa masa kuɗi ba, sai ranar da ake nema a tarar wata uku ke nan ba ta yi magana ba. Kuma direban haya ya tuna, masu ƙwace mota da wayar suke tafiya. Lallai wani amintacce a gida ya kasance yana da damar shiga asusun, ya san yadda ake kashe injin. Idan tirakar ta nuna wuri, a kira 'yan sanda a 191 ko 18555 ko 112. Kada a tara samarin unguwa a kan babura a bi sawu. Masu bindiga ne.

Wasu za su ba ka shawarar makunnin da ke barin mota ta yi ɗan nisa sannan ta mutu. Ina ɗari-ɗari da shi. Idan sun tafi da kai a ciki ta mutu a hanya, kai za su juyo wa.

Hukuncina: da motar zuwa kasuwa da masallaci ce kawai, da na ce sanda da makunni sun wadatar a yanzu. Amma mai ɗaukar baƙin fuska dare da rana, tiraka mai yanke mai ita ce ta farko. Makunnin ɓoye aikin waya ne ƙarami, ka roƙi mai saka tirakar ya haɗa maka a zama ɗaya, a wuri daban da ita. Sanda ta jira cinikin sati mai zuwa, kafin nan ka biya mai gadi a gidan mai ko harabar makaranta motar ta riƙa kwana can.

Ka duba takardar inshorarka ma. Wadda doka ta wajabta, mai biyan wanda ka buge, ba ta biyan sata. Sai cikakkiya ko wadda aka rubuta gobara da sata a ciki. Ka ɗauki hoton takardun DVLA, hukumar rajistar motoci, da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ka tura wa wannan amintaccen naka, don su 'yan sanda za su fara tambaya, kuma asalin takardun kada su kwana a cikin motar.